Wala-wala: Asalin Karta Uku da Yatsan da Ke Cin Kuɗin Jama'a

Duk wanda ya tashi a garin da ake cin kasuwar mako a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa ganin 'yan wala-wala ba. Ba su da rumfa, kayan sana'arsu kuwa ba su wuce kwali ɗaya ko ɗan buhun da za a shimfiɗa a ƙasa da karta guda uku ba. Wurin zamansu shi ne bakin kara ko bakin tasha, wato dai inda mutum zai biyo da kuɗi a aljihu yana cikin farin ciki. Mai wasan zai nuna maka karta uku, biyu baƙaƙe ɗaya ja, ya kife su, ya yi ta sauya musu wuri a hankali, sannan ya ce duk wanda ya nuna inda jar take zai ninka masa abin da ya ajiye. Abin ya yi sauƙin da ko yaro ɗan shekara bakwai zai ce ya gane. Amma har yau ban taɓa jin baƙon da ya tashi daga gaban kwalin nan da riba ba.

A wannan fitowa ta mujallarmu na ga ya dace in ɗan kauce daga abin da muka saba rubutawa, in tattauna da 'yan'uwana ɗalibai a kan wannan wasa: yadda ake yin sa, inda ya samo asali, da kuma dalilin da ya sa ya shafe mu, mu da ake jiran mu koma gida mu amsa tambayoyin jama'a.

Abin da ya sa zancen ya tsaya mini a rai shi ne wani maƙwabcinmu, dattijo manomi, wanda muke kira Baba. Ina yaro ya kai bijimin da ya shekara biyu yana kiwo kasuwar garinmu, domin ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Ya sayar da daraja, amma ya dawo gida bayan magariba hannu rabbana. Ya yi kwana uku bai fito masallaci ba. Da ya fito, abin da ya gaya wa mahaifina shi ne: "Malam, wallahi ba a hayyacina nake ba. Da idona na ga inda jar ta faɗi. Asiri suka yi mini." Unguwa duka ta yarda da haka. Daga nan aka kai shi wurin wani boka da ya ce zai karya asirin ya jawo kuɗin, shi ma ya karɓi akuya biyu da zakara. Kuɗi ba su dawo ba, biki ya ɗagu zuwa kaka ta gaba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya fi jin zafin tafiya wurin bokan a kan asarar bijimin, domin a cewarsa dukiya ana mayar da ita, amma wanda ya kai imaninsa gidan boka ya kai abin da ba a saye a kasuwa.

Shekaru da yawa bayan haka, a nan Madina, na ga yadda ake yin abin ƙarara. Wanda ya san titin Sultana ya san yadda yake cika bayan sallar isha'i, da shaguna da gidajen abinci da masu shayi, kuma da yake ba shi da nisa da Jami'ar Musulunci, nan ɗalibai kan je sayayya ko shan iska bayan jarrabawa. Wani dare muna zaune mu huɗu a wurin mai shayi, ni da wani ɗan Maraɗi da wani ɗan zangon Kumasi da wani abokin karatunmu Bamisire, sai hira ta kai mu ga balot, wasan kartar da mutanen ƙasar nan suke matuƙar so, wanda har aka fara yi masa gasa ta hukuma a Riyad a 2018. Daga nan na kawo zancen wala-wala. Ashe kowa ya san shi. Ɗan Maraɗi ya ce a tasharsu ma ana yi, ɗan Kumasi ya ce ya sha gani, Bamisiren kuwa ya yi dariya ya ce a wurinsu sunansa "talat waraƙat", wato takardu uku, kuma ya taso yana kallon masu yin sa a wuraren taron maulidi har ya gane dabarar. Ya ciro katunan shaguna guda uku daga aljihu, ya yi wa ɗaya alama da biro, ya ce: "Ya akhi, ba kuɗi, ba caca. Ku dai bi da ido." Sau biyar ya jefa, sau biyar ɗan Maraɗi ya rantse ya ga inda mai alamar ta faɗi, sau biyar ana buɗewa a ga wayam. Sannan ya sake yi sannu a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala.

Ga yadda abin yake. Da farko ana ɗan tanƙwara kowace karta a tsawonta, ta yi doro, domin a iya ɗaukarta daga ƙasa da yatsu ta gefe biyu. Mai wasan zai riƙe ɗaya a hannun hagu, biyu a hannun dama, ɗaya a saman ɗaya. Ta ƙasan yana riƙe da ita tsakanin babban yatsa da yatsan tsakiya, ta saman kuwa tsakanin babban yatsa da manuniya. Jar ita ce ta ƙasa, ita ce yake juyo hannu ya nuna wa jama'a. Idan zai yi jifa na gaskiya, sai ya saki yatsan tsakiya, ta ƙasan ta faɗi. Idan kuwa zai yi na ƙarya, sai ya saki manuniya, ta saman ta zame ta faɗi daidai inda ake zaton jar za ta faɗi, kuma cikin ƙiftawar ido manuniyar ta sauko ta kama wadda ta rage, yatsan tsakiya ya janye. Wanda yake kallo zai ga karta ɗaya ta rage a hannu tsakanin babban yatsa da manuniya, daidai yadda ta saman take tun farko. Daga wannan lokaci duk bin da yake yi da ido, baƙar karta yake bi. Sauran jujjuyawar da mai wasan yake yi a hankali da gangan ne, domin ka tabbatar wa kanka cewa ba ka ɓace ba. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to a nan ganin ne ake cin ka da shi.

Amma yatsa rabin sana'ar ne. Sauran rabin mutane ne. Waɗanda kake gani sun kewaye kwalin suna ajiye kuɗi suna ci suna shewa, yawancinsu abokan mai wasan ne, 'yan amshin shatarsa. Su ake yi wa jifan gaskiya. Wani daga cikinsu ma zai yi kuskure da gangan, ya zaɓi wadda kowa ya ga ba ita ba ce, domin kai da kake tsaye ka ce a ranka: "Wannan wane irin wawa ne? Da ni ne da na ci." Idan kuma ka yi taurin kai ka ƙi shiga, akwai dabara ta ƙarshe. Mai wasan zai waiga kamar yana magana da wani, sai ɗaya daga cikin mutanensa ya yi wuf ya lanƙwasa kusurwar jar, ya kashe maka ido. Yanzu kana ganin kai ne za ka cuci mai wasan, sai ka zazzage aljihu gaba ɗaya. Shi kuwa a cikin ɗauka da jifa ya riga ya miƙe wannan kusurwa ya lanƙwasa ta wata. Ko da an yi dace ka ɗora kuɗinka a kan jar, wani zai ajiye abin da ya fi naka a kan wata, a ce babban kuɗi ake karɓa, ko kuwa a yi ihun ga 'yan sanda nan kowa ya watse. Shi ya sa wanda aka ci bai cika kai ƙara ba, domin ya san da niyyar da ya ajiye kuɗin.

To daga ina wannan abu ya fito? Mai karatu zai yi mamakin jin cewa dabarar ta girmi kartar kanta nesa ba kusa ba. Kafin karta, da ƙananan kofuna uku da tsakuwa ake yi, a kife tsakuwar a ce ka nemo ta. Masanin falsafar nan na Rum, Seneka, wanda ya mutu a shekara ta 65 miladiyya, ya ambaci masu wasan kofuna da tsakuwa a ɗaya daga cikin wasiƙunsa, inda ya kamanta su da masu murɗa magana a wajen jayayya. Akwai kuma wani zane na wajajen 1502 da ake jinginawa ga mai zanen nan Bosch na ƙasar Holan, wanda ya nuna mai wasan kofuna a bayan tebur, wani mutum ya sunkuya ya saki baki yana kallo, a bayansa kuma wani yana zare masa jakar kuɗi. Ka ga ke nan aikin haɗin gwiwar ma ba yau aka fara shi ba.

Malamanmu ba su jahilci wannan fage ba. Imam Fakhruddin Ar-Razi, wanda ya rasu a 606 bayan hijira, da ya zo tafsirin aya ta 102 a Suratul Baƙara ya kasa abin da ake kira sihiri kashi takwas, kuma Ibn Kasir ya ciro wannan rabe-rabe a nasa tafsirin. Ɗaya daga cikin kason shi ne rufa-ido da zafin hannu, abin da Larabawa ke kira sha'abaza. Bayanin da ya yi shi ne, gwanin wannan sana'a yana nuna yana yin wani aiki da zai ɗauke hankalin masu kallo da idanunsu, sai ya aikata wani daban da tsananin sauri, kuma da zai yi shiru ya daina surutun da yake karkatar da tunaninsu da shi, da sun gane duk abin da yake yi. Wanda ya taɓa jin yadda bakin ɗan wala-wala ba ya hutawa zai san malamin ya bugi gaɓa. A farkon ƙarni na 13 kuma wani mutumin Dimashƙa, Abdurrahim Al-Jaubari, ya rubuta littafinsa Al-Mukhtar fi Kashfil Asrar, babi 30, inda ya tona asirin masu da'awar annabci da shehunan ƙarya da masu cewa suna mayar da ƙarfe zinariya da 'yan rufa-ido, bayan ya yi yawo a ƙasashe yana zama da su.

Ita kuwa karta, daga ƙasar Sin ta faro, inda aka fara yin takarda. Akwai bayanin shari'ar wasu mutum biyu da aka kama suna caca da katunan takarda a can a 1294. Daga gabas ta gangaro har ta iso Masar a zamanin daular Mamalik, waɗanda suka yi mulki daga 1250 zuwa 1517, aka san ta da sunan kanjifa. A 1939 wani masani mai suna Mayer ya gano wani tsohon tulin kartar Mamalik a gidan tarihi na Topkapi a Istanbul. Gida huɗu ne: kofuna, dinare, takubba da sandunan wasan ƙwallon dawaki. Kowane gida yana da katuna 10 masu lamba da manya 3, wato malik da na'ibinsa da na'ibi na biyu, jimla 52, daidai adadin kartar da ake sayarwa yau a shagunan Sultana da kasuwar Kurmi. Ta shiga Turai a wajajen 1370, har hukumar birnin Fulorans na Italiya ta hana wasa da ita a 1377, kuma har gobe mutanen Sifen suna kiran karta "naipes", kalmar da masana ke mayarwa ga na'ib ta Larabci. A nan kusa da mu, Ibn Hajar Al-Haitami, babban malamin Shafi'iyya da ya zauna a Makka ya rasu a 974 bayan hijira, ya ambaci kanjifa a Tuhfatul Muhtaj, ya haɗa ta da wasannin da suka dogara a kan sa'a. Faransawa ne suka sauƙaƙa zanen gidajen zuwa ja da baƙi a wajajen 1480, sannan bayan ƙarnuka kartar ta dawo mana da rigar Turawa. Shi kansa balot jikan wani wasan Faransawa ne mai suna belot, sunan karta da muke kiranta da shi kuma ɗan'uwan kalmarsu ne, tushensa kalmar Latin mai nufin takarda.

Da karta ta yawaita a hannun jama'a, sai masu zafin hannu suka koma kanta. A 1584 wani Baturen Ingila, Reginald Scot, ya buga littafi yana bayyana dabarun 'yan dabo, har da na karta, kuma dalilinsa shi ne a lokacin ana kashe tsofaffin mata da zargin maita, shi kuwa yana son ya nuna cewa da yawa daga abin da ake tsoro aikin hannu ne kawai. Karta uku kamar yadda muka san ta ta yi tashe ne a ƙarni na 19, a filayen sukuwa na Ingila da titunan Faransa da jiragen ruwan kogin Misisipi a Amurka. Wanda ya fi shahara da ita a can shi ne William Jones, da ake yi wa laƙabi da Canada Bill. Shigar ƙauyanci yake yi, da maganar wauta, domin fasinjan jirgi ya ga ya samu banza. Ya ci dukiya mai yawa, amma shi ma a teburin caca yake zubar da ita, ya mutu a 1877 ba shi da ko kuɗin likkafani, sai abokan cacarsa ne suka biya kuɗin binne shi. A 1902 aka buga wani littafi a Chicago mai suna The Expert at the Card Table, da sunan aro na Erdnase, wanda har yau ba a tabbatar da ko wane ne ba. A ciki an zana riƙon karta uku da jifan ƙarya dalla-dalla.

Akwai wani labari da ya kamata ɗalibi ɗan Afirka ya riƙe. A 1856 gwamnatin Faransa ta tura shahararren ɗan dabonta, Robert-Houdin, zuwa Aljeriya, domin ya nuna wa shugabannin ƙabilu cewa "sihirin" Faransa ya fi na shehunansu da ke zuga su su yi tawaye. Ya ajiye ɗan ƙaramin akwati mai ƙarfe a gindi, ya kira wani ƙaƙƙarfa ya ɗaga, ya ɗaga cikin sauƙi. Sannan ya ce ya zare masa ƙarfi, aka kunna maganaɗisun lantarki da ke ɓoye a ƙarƙashin dandamali, mutumin ya yi ta nishi akwati ya ƙi motsi. Wannan mutum shi ne kuma ya rubuta littafi a 1861 yana tona asirin masu maguɗin karta. Mutanen da ba su iya bambance dabara da asiri ba, ana iya cin bijiminsu, ana kuma iya cin ƙasarsu.

A nan ne zancen ya iso gare mu. Sihiri gaskiya ne, nassi ya tabbatar da shi, kuma muna karanta hukuncinsa a darussan aƙida. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan rufa-ido ko da na nishaɗi ne, da yawansu sun tsananta, musamman idan mai yin sa yana nuna wa mutane cewa yana da wani iko na ɓoye. Caca kuwa ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida sun gama da ita. Sai dai wala-wala ko darajar a kira ta caca ba ta kai ba, domin a caca akwai yiwuwar ci, a nan kuwa babu. Sata ce da aka yi wa kwalliya. Idan mutum irin Baba ya zo wurin ɗayanmu yana kuka an yi masa asiri, muka ce masa ya je ya yi ta karanta falaƙi da nasi muka tsaya a nan, mun ba shi alheri amma mun bar shi da tsoronsa, kuma boka yana nan yana jiran sa a bayan gari. Idan kuwa muka iya ɗaukar takardu uku muka nuna masa yadda manuniya ke saki, za mu ga yadda fuskarsa za ta sauya. Zai ji kunya, amma zai san ba aljani ne ya hau shi ba, kwaɗayi ne, shi kuwa kwaɗayi ana tuba daga gare shi.

Sannan kada mu ɗauka abin ya tsaya a bakin kara. Yau kwalin ya koma cikin waya. Waɗanda suka shiga MMM a Nijeriya sun ga 'yan amshin shata suna nuna shaidar kuɗin da suka ci, har zuwa Disambar 2016 da aka rufe asusun kowa. Masu tallar "tabbataccen sakamakon wasan ƙwallo" kuwa kusurwar karta suke lanƙwasa maka su kashe maka ido. Mu ma nan ba mu tsira ba, domin ɗalibin da yake tara 'yar mukafa'arsa yana tunanin aure ko kuɗin jirgin iyali shi ne ainihin mutumin da ya sayar da bijimi. Duk inda ka ga abu ya yi sauƙi, ga mutane suna ci a gabanka, ga wani yana raɗa maka cewa kai kaɗai ya gaya wa sirrin, ana kuma gaggauta ka, to ka tuna banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shawarata ga 'yan'uwa masu tafiya hutu ita ce, idan an ba ka dama ka yi nasiha a masallacin unguwa ko a makarantar dare, ka ware minti biyar ka bayyana wa jama'a wannan dabara, musamman matasa da manoma a lokacin kaka, da fatake masu dawowa daga kasuwa. Ka gaya musu jar tana hannun mai wasan tun jifan farko. Allah Ya tsare mana imaninmu da dukiyarmu, Ya wadatar da mu da halal, Ya mayar da mu gida da ilimi mai amfani. Amin.